Anya Ita Ta Rubuta? Tarihin Wasu Marubuta Mata na Ƙasar Amurka

  Wadda ke bakin murhu ta ɗan rage wuta ta matso kusa, domin tafiyarmu ta yau mai nisa ce. Za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Amurka, mu ji tarihin waɗansu mata da suka yi rubutu, waɗanda ake karanta littattafansu a makarantun ƙasar tun daga sakandare har jami'a.

In an ce marubuciya a Amurka, abin da zai zo wa mutum a rai shi ne wata mai ofis da mota, wadda ba ta da aikin fari balle na baƙi sai riƙe alƙalami. To, yawancin waɗanda za ku ji labarinsu yau ba haka suke ba. A cikin gida suka yi rubutunsu, tsakanin girki da raino da jinya, wata ma a ɓoye. Kuma da rubutun ya fito, tambayar da aka fara yi a kan da yawansu ita ce: anya ita ta rubuta?

Bari mu fara da yarinyar da aka ɗauka daga wannan yanki namu na Afirka ta Yamma. A shekarar 1761 wani jirgin ruwa na fataken bayi ya tsaya a birnin Boston. Cikin waɗanda aka sauke akwai wata 'yar ƙaramar yarinya ramammiya, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Ba wanda ya san shekarunta, sai dai an ga tana famfara, aka ƙiyasta ba ta wuce shekara 7 ko 8 ba. Wani attajiri mai suna John Wheatley ya saye ta don ta riƙa yi wa matarsa Susanna hidima. Sunan da iyayenta suka raɗa mata ya ɓace ke nan har abada. Aka ba ta sunan jirgin da ya kawo ta, wato Phillis, aka haɗa mata da sunan ubangidanta. Ke 'yar uwa, ki ɗan tsaya a nan: a ce sunan da za a yi ta kiranki da shi har ki koma ga Allah, sunan jirgin da ya raba ki da mahaifiyarki ne.

Mutanen gidan suka lura yarinyar tana da kaifin ƙwaƙwalwa, sai 'yarsu Mary ta fara koya mata karatu. Ubangidan nata da kansa ya rubuta cewa cikin wata 16 ta iya karanta Turanci, har wurare masu wuya na cikin littafin Baibul. Daga nan ta shiga Latin, tsohon harshen malaman Turai. Tana wajen shekara 14 aka buga waƙarta ta farko a jarida, a 1767.

Da aka zo maganar littafi kuwa, sai abu ya gagara. An nemi masu saye a Boston, ba a samu isassu ba. Yawancin Turawan lokacin ba su yarda baƙar fata na iya tsara waƙa ba, kuma ƙin yardar nan ba a banza take ba. Ai in baiwa ta iya abin da ɗan malami ke iyawa, hujjar bautar da ita ta yi rauni. Don haka sai da aka sa manyan gari 18 suka sa hannu a takarda a 1772, suna shaida cewa Phillis ce ta rubuta waƙoƙinta. Cikinsu akwai gwamnan yankin, Thomas Hutchinson, da John Hancock, mutumin da daga baya ya fara sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka. Duk da haka ba a Amurka aka buga littafin ba, sai a Landan, a 1773, da takardar shaidar nan manne a gabansa. Shi ne littafin waƙoƙi na farko da wani baƙar fata na Amurka ya wallafa. Ta je Landan ɗin da kanta a wannan shekara, kuma ba da daɗewa da dawowarta ba aka 'yanta ta.

Sunanta ya zaga. A 1775 ta aika wa George Washington waƙa, ya kuwa ba ta amsa da wasiƙar godiya. Shi kuma Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na 3, kuma mai bayi da yawa, kushe waƙoƙinta ya yi a littafinsa. Akwai kuma baƙaƙen fata na baya da suka zarge ta da cewa ba ta fito ta caccaki bauta sosai ba. Ni dai ina ganin an manta a gidan wa take kwana, kuma wa ke sayen takardar da take rubutu a kai. Kuma ba shiru ta yi ba. A 1774 jaridu sun buga wata wasiƙa tata inda ta nuna rashin kunyar masu kukan neman 'yanci daga Ingila alhali suna riƙe da bayi a gidajensu.

Ƙarshenta ba daɗi. Uwargijiyarta ta mutu, ubangidanta ya mutu, yaƙin neman 'yancin kai ya sa kowa na ta kansa. Ta auri wani baƙar fata ɗa, John Peters, a 1778. Ta shirya littafi na biyu, ba a samu mai bugawa ba. A watan Disamba na 1784 ta mutu cikin talauci, tana wajen shekara 31, littafin na biyu kuma ya ɓace.

Kada ku ɗauka launin fata ne kaɗai matsalar. Fiye da shekara 120 kafin littafin Phillis, an yi wata Baturiya, Anne Bradstreet, 'yar gidan manya, wadda ta zo daga Ingila a 1630 cikin Turawan farko da suka zauna a yankin Massachusetts. 'Ya'yanta 8. Mijin 'yar uwarta ne ya ɗauki waƙoƙinta ya kai Landan aka buga a 1650, kuma sai da ya yi gabatarwa yana rantse-rantse cewa lallai mace ce ta rubuta, mace kuma ta kirki wadda ba ta yi sakaci da gidanta ba, daga lokacin barcinta ta gutsuro ta yi rubutun. Kun ji fa. Ita baiwa sai an shaida tana da hankali, ita 'ya kuma sai an shaida tuwo bai ƙone ba. A 1666 gobara ta cinye gidan Anne da littattafan da ke ciki, ta zauna ta yi waƙa a kan gobarar, kuma tana cikin waƙoƙinta da aka fi karantawa.

Mu tsallaka zuwa ƙarni na 19, lokacin da maganar bauta ta raba Amurka biyu, jihohin Kudu na riƙe da bayi a gonakin auduga, na Arewa sun daina. Harriet Beecher Stowe, wadda aka haifa a 1811, 'yar wani mashahurin limamin coci ce, matar malami, mai 'ya'ya 7, kuɗi kuma kullum ba sa isa. Ta yi shekara 18 a birnin Cincinnati, a bakin kogin Ohio. Tsallaken kogin jihar Kentucky ce, ƙasar bauta, don haka bayin da suka gudo ta garin suke bi. A 1849 annobar kwalara ta ɗauke mata ɗa mai wata 18. Daga baya ta faɗa a wata wasiƙa cewa a bakin kabarin yaron nan ta gane abin da baiwa ke ji in an fizge mata ɗa an sayar. Shekara guda bayan haka aka yi dokar da ta tilasta wa mutanen Arewa su taimaka a kama bawan da ya gudo a mayar wa ubangidansa.

Sai ta fara rubuta labari, ana bugawa kashi-kashi a wata jarida daga 1851, ya fito a littafi a 1852 da sunan Uncle Tom's Cabin, wato Bukkar Kawu Tom. An sayar da kwafi 300,000 a Amurka a shekarar farko. Abin da ya fi kama zukatan mata a ciki shi ne wata baiwa, Eliza, da ta ji an sayar da ɗanta, ta sunkuce shi cikin dare ta tsallake kogin Ohio tana taka ƙanƙarar da ke yawo a kan ruwa. Stowe ta san wa take yi wa magana. Matan Amurka ba su da ƙuri'a a lokacin, amma su ke karanta wa iyali littafi da dare. Mutanen Kudu suka ce ƙarya ta shirga, me mace ta sani a kan gonar bayi? Dole ta sake fitar da wani littafi a 1853 cike da takardun kotu da tallan jaridu da shaidu, don ta tabbatar da maganarta. A 1861 yaƙin basasa ya ɓarke, a 1865 aka haramta bauta a ƙasar baki ɗaya. Littafin yana da nasa aibin, domin ta zana baƙaƙen fata da idon Baturiya mai tausayi, har sunan Kawu Tom ya zama zagi ga mai rusuna wa Bature. Amma ba mai musun cewa ya girgiza ƙasar.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A daidai wannan lokaci akwai wata Harriet ɗin, wadda ba jin labarin bauta ta yi ba, a ciki aka haife ta. Ina so ku ba ni hankalinku a nan.

Harriet Jacobs 'yar garin Edenton ce a jihar North Carolina, an haife ta wajen 1813. Uwargijiyarta ta farko ta koya mata karatu da ɗinki, amma da za ta mutu ba ta 'yanta ta ba, sai ta bar ta gado ga wata ƙaramar yarinya, 'yar wani likita mai suna James Norcom. Tun Harriet na 'yar shekara 15 likitan nan ya fara nemanta da lalata, matarsa kuma maimakon ta kare yarinyar, sai ta ɗora mata karan tsana saboda kishi. Ba alƙalin da za ta kai wa ƙara, domin a dokar ƙasar ita dukiya ce. Don ta kuɓuta daga likitan, ta yarda da wani lauya Bature na garin, ta haifa masa 'ya'ya 2, Joseph da Louisa. Amma ɗan baiwa bawa ne, don haka yaran ma na gidan likitan ne, da su kuma ya riƙa yi mata barazana.

A 1835 ta ɓace. Lissafinta shi ne, in likitan ya ɗauka ta gudu Arewa, zai gaji da yaran ya sayar, ubansu ya saya. Haka kuwa aka yi, yaran suka dawo hannun kakarta, wata tsohuwa da ta sami 'yanci tana sana'ar gashin burodi. Likita ya sa talla a jarida, ladan dala 100 ga wanda ya kamo ta. Ashe ba inda ta je. Tana nan cikin gidan kakar tata, a wani ɗan lungu tsakanin silin da rufin wani ƙaramin ɗakin ajiya. Tsawon wurin ƙafa 9, faɗinsa ƙafa 7, inda ya fi tudu kuma ƙafa 3. Ba a iya tsayuwa, sai kwanciya da rarrafe. Ba taga. Da zafi rufin ya gasa ta, da sanyi gaɓoɓinta su sandare, ga ɓeraye, ga ƙwari masu cizo. Ta ƙofar ɓoye ake miƙa mata abinci. Ta samu wani ɗan ƙarfe ta huda katako, ta wannan 'yar kafa take leƙen 'ya'yanta suna wasa a waje, tana jin muryarsu, ba ta isa ta kira su ba, don kada bakin yaro ya tona asiri. Wata rana ma ta hango likitan yana wucewa. Daga lungun nan ta riƙa rubuta masa wasiƙu, ana kai su Arewa a jefa a gidan waya, don ya ci gaba da zaton tana can. Kusan shekara 7 ta yi a haka, 'yan uwa. Sai a 1842 aka fitar da ita a jirgin ruwa zuwa Arewa.

A New York ta kama aikin raino a gidan wasu Turawa, kuma matar gidan, Cornelia Willis, ita ta biya dala 300 a 1852 ta fanshe ta. Wata ƙawarta mai yaƙi da bauta, Amy Post, ta yi ta ba ta shawara ta faɗi labarinta. Da farko an nemi Stowe ta taimaka. Abin da Stowe ta yi bai yi kyau ba, gaskiya ɗaya ce. Ta ɗauki wasiƙar da ke ƙunshe da sirrin Harriet ta aika wa uwargidan da take yi wa aiki, wai a tabbatar mata ko gaskiya ne, tana son ta sa labarin cikin littafinta na shaidu. Alhali Harriet ba ta taɓa gaya wa uwargidan yadda aka yi ta haifi yaran ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka muke cewa, amma a nan ba a ji ciwon ba. Harriet ta ce to, ita za ta rubuta abinta. Da dare take yi, bayan ta kwantar da 'ya'yan mutane, tana ɓoye wa maigidan saboda ba ta yarda da ra'ayinsa a kan bauta ba.

Littafin ya fito a 1861, sunansa Incidents in the Life of a Slave Girl, wato abubuwan da suka faru a rayuwar wata baiwa. Ta sa sunan aro, Linda Brent, ta canza sunayen mutane. Matan Arewa take yi wa magana kai tsaye, tana roƙonsu kada su auna baiwa da mudun da ake auna 'ya mai uba da gata. Yaƙi ya taso, aka manta da littafin. Da masana suka waiwaye shi daga baya, sai da yawansu suka ce ƙagaggen labari ne, wata Baturiya ce ta rubuta, Lydia Maria Child, wadda ta duba shi kafin a buga. Wai ya yi tsari da yawa, kuma wa zai yi shekara 7 a cikin silin? Sai a 1981 wata farfesa, Jean Fagan Yellin, ta fito da wasiƙun da Harriet ta rubuta wa Amy Post, ta bi takardun garin Edenton ta gano mutanen ɗaya bayan ɗaya. Shekara 120 ke nan bayan fitowar littafin, ita kuwa Harriet ta mutu tun 1897.

Yanzu ga wata da ita ma ta zauna a ɗaki, amma ba wanda ya kore ta ciki. Emily Dickinson, an haife ta a 1830 a garin Amherst, 'yar wani lauya mai faɗa a ji wanda har ya je majalisar ƙasa. Ta yi makaranta mai kyau. Ba ta yi aure ba. Kada wata ta ce ai zama ne irin namu. Matan garinsu suna fita coci da kasuwa da ziyara, ita ce dai ta janye da kanta sannu a hankali. Bayan ta je Boston jinyar ido a 1864 da 1865, da wuya ta sake wuce harabar gidan mahaifinta. In baƙo ya zo, wani lokaci daga bayan ƙofa take magana da shi. Da mahaifinta ya mutu a 1874, a cikin gidan aka yi taron jana'izar, tana sama a ɗakinta tana saurare. Mutanen gari sun san ta da fararen kaya, da lambun furanni, da kwandon da take zurowa ta taga da igiya cike da kayan zaƙi don yaran unguwa. Ita ke gasa burodin gidan, har ta taɓa cin kyauta ta biyu a gasar burodi a 1856. Mahaifiyarta ta kwanta ciwo shekara 7, ita da ƙanwarta Lavinia suka yi jinya.

Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne, a ɗakin nan na sama akwai wani ɗan ƙaramin tebur, kuma a kansa ta rubuta waƙoƙi kusan 1,800. Wajen 10 kawai aka buga tana da rai, su ma ba da sunanta ba. Takan kwafe waƙoƙin a takarda mai kyau, ta ninke, ta huda da allura ta ɗinke da zare, har ta haɗa 'yan littattafai 40. Wasu kuma a bayan ambulan ta rubuta su, ko a takardar da aka naɗo kaya, duk abin da hannu ya kai gare shi a kicin. Gajeru ne, a kan karin waƙoƙin coci, amma maganar ciki ba ta coci ba ce kullum. Tana magana a kan ƙudan zuma, da tsuntsu, da maciji a ciyawa, da zafin rabuwa, da mutuwa, da shakka da imani. Akwai wata da ta sa a bakin mai mutuwa: dangi sun kewaye gado ana jiran babban al'amari, sai ga ƙuda ya shigo yana ƙara, shi ne abin ƙarshe da mamacin ya ji. Duk wadda ta taɓa zaman jinya ta san haka abin yake, ƙaramin abu ne ke tsaya wa mutum a rai.

A 1862 ta aika wa wani marubuci, Thomas Higginson, waƙoƙi 4 tana tambayarsa ko suna da rai. Ya ga baiwar, amma tsarin ya ba shi tsoro, ya ba ta shawara kada ta yi gaggawar bugawa. Ta mutu a 1886. Ta bar wa Lavinia wasiyya ta ƙone wasiƙun da ta tara, Lavinia ta ƙone. Tana cikin wannan aiki ta buɗe wata adaka ta tarar da waƙoƙin. Wasiyyar ba ta ambace su ba, sai ta ƙi sa musu wuta, ta tashi haiƙan sai an buga. An buga kashi na farko a 1890, mutane suka yi ta saye, amma waɗanda suka shirya shi, Higginson da wata mata Mabel Todd, sun yi wa waƙoƙin gyaran gangar auzinawa: sun canza kalmomi, sun laƙa musu sunaye, sun daidaita abin da ita da gangan ta karkata. Mabel ɗin nan kuwa ta yi shekaru tana shiga gidan, ba ta taɓa ganin fuskar Emily tana da rai ba. Sai a 1955 aka buga waƙoƙin gaba ɗaya kusa da yadda ta bar su. A yau in an lissafa manyan mawaƙan Amurka biyu ko uku, maza da mata, tana ciki.

Akwai wadda ita kuma yunwa ce ta sa ta rubutu. Louisa May Alcott, mahaifinta malami ne mai dogon tunani da gajeren aljihu. Ta yi ɗinki, ta yi aikatau, ta yi koyarwa, ta yi jinyar sojoji a yaƙin basasa har ta kwaso zazzaɓin taifot. Mai buga littattafai ya ce ta rubuta wani abu don 'yan mata, ba ta ma so ba, ta dai rubuta labarin 'yan uwa mata 4 irin na gidansu. Little Women ke nan, na 1868, da shi ta biya basussukan gidan.

Da aka shiga ƙarni na 20 ƙofa ta fara buɗewa. Edith Wharton ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Pulitzer ta ƙagaggen labari a 1921, Pearl Buck ta ci kyautar Nobel a 1938, Gwendolyn Brooks ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Pulitzer a 1950. Amma ƙofar ba ta buɗe wa kowa daidai ba. Zora Neale Hurston ta tashi a Eatonville ta jihar Florida, garin da baƙaƙen fata ke mulkin kansu. Mahaifiyarta ta mutu tana 'yar shekara 13, ta yi ta gararamba, sai tana shekara 26 ta rage wa kanta shekara 10 don a ɗauke ta a makarantar kyauta. Ta kai har jami'a, sannan ta koma Kudu tana bin ƙauyuka tana tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin mutanenta, tana rubuta su yadda suke fita daga bakinsu. Ta zauna da wani tsoho, Cudjo Lewis, wanda aka kamo daga ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Benin, aka kawo shi a 1860 cikin jirgin bayi na ƙarshe da aka sani ya shiga Amurka. Masu buga littattafai suka ce sai ta gyara masa Turanci, ta ƙi, littafin bai fito ba sai a 2018. Babban littafinta, Their Eyes Were Watching God, na 1937, labarin wata mata ne da aurenta 3, kuma cikin mako 7 ta rubuta shi. Manyan marubuta maza baƙaƙen fata, irin su Richard Wright, suka kushe shi, wai ba ya yaƙi da wariya. Ta tsufa ba ta da komai, har aikatau ta koma yi. A 1960 ta mutu a gidan gajiyayyu, aka binne ta ba ko alama a kabarin. Masu share gidanta suka tara takardunta suka cinna wuta, wani jami'in tsaro da ya san ta yana wucewa ya gani, ya ja tiyo ya kashe. A 1973 wata matashiyar marubuciya, Alice Walker, ta shiga maƙabartar cikin ciyawa ta nemi wurin, ta sayi dutse ta kafa da sunan Zora. Ita Alice ɗin ce ta ci Pulitzer a 1983.

Ta ƙarshe a yau ita ce Toni Morrison, haifaffiyar jihar Ohio a 1931. Aurenta ya mutu a 1964, ya bar ta da 'ya'ya maza 2. Da rana tana aikin tace littattafan wasu a kamfanin Random House, nata rubutun kuma sai yara sun yi barci, daga baya ta koma tashi tun kafin gari ya waye. Tana shekara 39 littafinta na farko ya fito, a 1970, labarin wata yarinya baƙa da ke roƙon Allah ya ba ta shuɗin ido irin na Turawa, don tana ganin da shi ne za a so ta. Duk uwar da ta taɓa jin 'yarta na kukan ita baƙa ce ta san wannan ciwo.

Tana cikin aikinta na ofis ta ci karo da wata tsohuwar jarida mai labarin Margaret Garner. A watan Janairu na 1856, shekara 4 bayan littafin Stowe, wannan baiwa ta gudo daga Kentucky da mijinta da 'ya'yanta, suka taka kogin Ohio da ya daskare suka shiga Cincinnati. Masu farautar bayi suka kewaye gidan da suka ɓuya. Da ta ga ba makawa, ta yanka 'yarta mai shekara 2 don kada a mayar da ita bauta. Kotu ta ɗauke ta a matsayin dukiyar da ta gudu, aka mayar da ita ga ubangidanta. Daga wannan labari Morrison ta gina Beloved, wato Abar Ƙauna, a 1987, inda 'yar da aka kashe ta dawo gidan uwarta. Littafi ne mai nauyi, ba a karanta shi a zama ɗaya, kuma ba ta yanke wa uwar hukunci ba, ta bar mai karatu da tambayar. Ya ci Pulitzer a 1988. A 1993 aka ba ta kyautar Nobel ta adabi, baƙar mace ta farko da ta samu.

Ta karɓo kyautar a ƙasar Suwidin a watan Disamba. Mako 2 bayan haka gobara ta tashi a gidanta da ke bakin kogin Hudson. An samu an ceto wani ɓangare na takardunta, waɗansu gefensu duk ya babbake, kuma suna ajiye a ɗakin karatu na jami'ar Princeton, inda ta koyar. Ta ci gaba da rubutu har ta mutu a 2019, tana da shekara 88.

To 'yan uwa, lokaci ya yi halinsa, a nan za mu dasa aya.